Tambayoyin Masu Karatu: Me Ya Raba Kan Masana Game da Dangogin Kunama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyyar halittu ne a wata makaranta a nan Zinder. Wani ɗalibina ya kawo mini kunama cikin kwalba, ya ce a ƙarƙashin duwatsun Birni ya kamo ta. Da na duba littattafai biyu don in gaya masa danginta, sai na tarar kowanne da nasa lissafin dangogin, har ɗaya yana cewa kakanninta a ruwa suka rayu, ɗayan kuma ya ce a tudu. Wanne ne ya yi kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da kuka gani saɓani ne na gaske tsakanin masana, kuma tushensa shi ne shaidar da ake auna kunamar yau da ita ba kasafai ake samun ta a jikin kunamar da ta zama dutse ba.

Mu Hausawa mun daɗe da bambanta jar kunama da duwu, wato baƙar nan babba, kuma a nan ilimi bai saɓa mana ba, domin dangoginsu daban ne. Sai dai masana suna da ire-ire fiye da 2,500 da za su jera, saboda haka launi da girma ba su isa ba. A 1974 masanin Faransa Max Vachon ya nuna cewa siraran gasu masu jin motsin iska, waɗanda ke kan hannuwan da kunama take cafke abinci da su, suna da tsare-tsaren da ke taimakawa wajen bambanta dangogi. In kun ɗora gilashin ƙara girma kan wadda ke cikin kwalbar, kuna iya hango su tsaye, kowanne cikin ɗan raminsa. Amma duk da wannan ma'aunin, masana ba su daidaita ba, don kuwa tsarin dangogin da masana Soleglad da Fet suka fitar a 2003 ya gamu da suka mai zafi daga Prendini da Wheeler a 2005, waɗanda suka ƙi amincewa da yadda aka haɗe wasu dangogi.

Ta dutse kuwa ta fi wuya, tunda ta wuce shekara miliyan 430 a duniya, kuma yawancin gawarwakin nauyin ƙasa ya baje su har ramukan gashin sun ɓace. A aikinsa da aka buga a 1986, bayan mutuwarsa, wani masani mai suna Kjellesvig-Waering ya ce yawancin kunamun farko a ruwa suke numfashi kamar kifi, ya kuma kasa su dangogi barkatai, da dama ba su da ko iri biyu. Waɗanda suka sake dubawa sun gano cewa wasu da ya raba iri ɗaya ne, bambancin girma ko yadda dutse ya matse su ne ya ruɗe shi. A 2020 ma an sanar da wata halitta daga Wiskonsin ta Amurka a matsayin kunama mafi tsufa, amma a 2021 wasu masana suka ce ba kunama ba ce sam.

Ni dai na fi karkata ga masu cewa tudu, domin binciken ƙwayoyin gado ya nuna kunama ƴar'uwar gizo-gizo ce ta kusa, kuma huhunsu iri ɗaya ne, mai shafi-shafi kamar littafi.

Ku gargaɗi ɗalibin nan, Malam. In hannuwanta sirara ne, wutsiyar kuma kakkaura, to alamar dangin Buthidae ke nan, inda kusan duk kunamun da harbinsu ke kisa suke, kuma kan wannan dangin masana ba su yi wani saɓani mai yawa ba. Kada ya sake kai hannu ƙarƙashin dutse.