Dish Ba Ya Jawo Sigina, Tara Ta Yake Yi

Yarona, ka tambaye ni dalilin da ya sa dish yake da zurfi kamar kwano, da kuma ko gaskiya ne aikinsa ɗaya da madubin hangen nesa na masu nazarin taurari. Gaskiya ne. Ajiye sufanar nan ka saurara.

Tauraron ɗan'adam ɗin da muke saitawa yana can nisan kilomita 35,786 daga ƙasa. Kafin siginarsa ta iso kan rufi ta yi rauni matuƙa. Dish ba maganaɗisu ba ne, tarewa kawai yake yi, kamar bahon da aka kafa wa ruwan sama: iya girman bakinsa, iya abin da zai samu. Shi ya sa mai santimita 90 yake tara ninki biyu da kwata na abin da mai 60 zai tara.

Zurfin kuwa shi ne asirin aikin. Duk igiyar da ta bugi farantin, a tsakiya ko a gefe, sai ta dawo ta haɗu da 'yan'uwanta a wuri guda, a lokaci guda. Nan LNB, wato ƙaramar na'urar da ke karɓar siginar, ke zama. Don gano wannan wurin a babban dish mai LNB a tsakiya, ka auna faɗinsa, ka ninka shi da kansa, ka raba da zurfinsa sau 16. Faɗi santimita 180, zurfi 30, amsar santimita 67.5 ke nan daga gindin farantin. Ƙananan masu hannu a ƙasa kuwa, kada ka lanƙwasa hannun, tun daga kamfani aka auna shi.

Tsawon zangon igiyar Ku, wato rukunin siginar da ƙananan dish ke kamawa, kusan santimita biyu da rabi ne, don haka lotsawar 'yan milimita ta isa ta sa igiyoyin su iso a hargitse, suna kashe juna. Idan kana zargin dish ya murɗe, ɗaura zare biyu a gicciye daga baki zuwa baki. In sun taɓa juna a tsakiya ba tare da matsewa ba, lafiya lau. In akwai rata, canza LNB ɓarnar kuɗin mai gida ne. Zangon wani rukunin sigina da ake kira C ya kai santimita bakwai da rabi, shi ya sa dish mai raga yake kama shi, kuma ruwan sama bai cika damunsa ba.

FAST, na'urar nazarin taurari ta ƙasar Sin da aka kammala a 2016, dish ne mai faɗin mita 500. Madubin James Webb, na'urar hangen nesa da ke sararin samaniya, mita 6.5 ne, gutsure 18 da aka shafe da zinariya, saboda hasken zafi da ido ba ya gani yake tarawa. Zangonsa gajere ne ainun, dole fuskar ta yi santsin da ba a misaltawa. Tauraron ɗan'adam na Landsat ƙasa yake kallo, yana tara hasken rana da gona ko ruwa suka mayar, gajimare na tare shi. Tauraron Sentinel-1 kuwa da kansa yake aika igiyar rada ya jira dawowarta, ko da dare, ko da hadari.

Wani abu kuma: dish yana ƙara girma, ganinsa yana ƙara tsukewa. Mai 90 kusan digiri biyu kaɗai yake gani. Ka riƙa ɗaure notikan kaɗan-kaɗan, dama da hagu, idonka na kan mitar auna sigina, domin a wajen ɗaurin ne sigina ta fi gudu.