Fatawa: kiɗan da ake haɗawa da muryar mutum a sitidiyo, halal ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni matashi ne ina aikin haɗa sauti a wani sitidiyo a Kano, yawancin masu zuwa wajena 'yan bege ne da masu waƙoƙin wa'azi da 'yan Islamiyya lokacin walimar sauka. Abin da ake yayi yanzu shi ne su ce basa son fiyano, a yi musu "ba kiɗa", sai in ɗauki muryata ina cewa dum dum ko aaa in saka a kwamfuta in yi ta gyarawa har ta koma kamar ganga da fiyano, wanda bai sani ba wallahi bazai bambance ba. Wani abokina yace ai murya ce, halal ce ko me aka yi da ita, wani kuma yace kanmu kawai muke yaudara. Sannan Malam ya hukuncin Auto-Tune yake, wato manhajar nan ta gyaran murya, don har masu karatun Alƙur'ani suna kawo mana a gyara musu murya.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi maka albarka ɗana, tunda abincinka a cikin wannan sana'a yake amma hakan bai hana ka tambaya ba.

Mu fara da ita muryar kanta, domin abokinka na farko yana da rabin gaskiya. Murya mai daɗi ni'ima ce, kuma asalinta halacci. Bukhari da Muslim sun ruwaito Annabi (SAW) ya saurari karatun Abu Musa Al'ash'ari ya yaba masa, yace an ba shi wani rabo daga irin sautin da aka ba iyalan Annabi Dawud. Su ne dai suka ruwaito labarin Anjasha wanda yake rera wa raƙuma waƙa a tafiya suna ƙara sauri, Annabi bai ce masa yi shiru ba, cewa yayi ya bi a hankali saboda matan da ke kan raƙuman. Sahabbai sun yi ta rera baitoci suna haƙa ramin Khandaƙ a shekara ta 5 bayan hijira, Amir ɗan Akwa'u ya rera wa rundunar Khaibar a shekara ta 7. Mu ma nan ƙasar ai da rerawa aka karantar da mu, Nana Asma'u 'yar Shehu da ta rasu a 1864 waƙoƙi ta dinga rubutawa jajis, wato matan da take turawa karantarwa, suna kai wa mata ƙauyuka suna rera musu, kuma har gobe ana rera Ishiriniya a masallatai da zauruka ba ganga ba komai. Saboda haka in murya ce zalla, abin da ake faɗa ake dubawa, mai kyau mai kyau ne, mummuna mummuna ne, kamar yadda aka ruwaito Imamu Shafi'i ya faɗa a kan waƙe.

Kayan kiɗa kuma maganarsu daban, kuma bazan ɓoye maka cewa akwai saɓani ba. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun tafi a kan hana su, suna kafa hujja da hadisin da ke cikin Bukhari na mutanen da za su zo su halatta zina da alhariri da giya da kayan kiɗa, da fassarar Ibnu Mas'ud ga aya ta 6 a Suratu Luƙman. Risala da muka tashi muna karantawa a zaure, Ibnu Abi Zaid ya faɗa ƙarara baya halatta ka saurari kayan wasa da waƙa da gangan. Ibnu Hazm da ya rasu a 456 bayan hijira shi kuma ya raunana hadisin ya halatta, malaman hadisi irin su Ibnus Salah suka mayar masa da martani cewa hadisin ya inganta. Bandiri an sassauta a kansa a wajen biki, yana nan a littafin Mukhtasar na Khalil babin walima. Ni dai ina tare da jamhuru, wato mafi yawan malamai, amma bana kafirta ko fasiƙantar da wanda ya bi ɗaya maganar bisa ilimi.

To yanzu ga inda tambayarka take, shin abin da kake haɗawa murya ne ko kayan kiɗa? Wannan muhawarar ba yau aka fara ta ba. Imamul Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan hijira, a cikin littafinsa Ihya ya tsaya ya yi nazarin sauti sosai, yace asalin sauti mai daɗi daga maƙogwaron halittu yake, na mutum da na tsuntsu, su kuma kayan busa an ƙera su ne ana kwaikwayon maƙogwaro, wato sana'ar hannu ce take bin halittar Allah. Ku kuma a sitidiyo kun juya abin, kun ɗauko maƙogwaro kuna tilasta masa ya kwaikwayi abin da aka ƙera. Malaman wannan zamani sun kasu biyu a kai, wasu suna duba daga ina sautin ya fito, in daga bakin mutum ne shikenan, wasu kuma suna duba me ya shiga kunnen mai sauraro, suna cewa shari'a bata raba abubuwa biyu masu kama ɗaya a hukunci.

Abin da na gani ya fi ƙarfi shi ne a duba yadda aikin yake gudana a hannunka, kuma kai ka fi ni sanin wannan. In mawaƙi ya rera, 'yan amshi suka amsa, ka ɗora muryoyi biyar ko goma a kan juna, wani yana gunji a ƙasa wani yana jan aaa a sama, ka share hayaniya ka saka ɗan amsa-kuwwa, duk wanda ya ji ya san mutane ne suke rerawa da numfashinsu, wannan babu komai a kansa in dai kalmomin masu kyau ne. In kuma da baki mutum yake kwaikwayon bugun bandiri, to iyakarsa ya ɗauki hukuncin bandiri, abin da sauƙi.

Amma wancan da ka siffanta wani abu ne daban. Ka ɗauki dum guda ɗaya ko aaa guda ɗaya na daƙiƙa ɗaya, ka yanke shi ka loda a manhaja, kwamfuta ta rarraba shi a kan maɓallan fiyano tana ɗaga shi tana sauke shi zuwa inda babu maƙogwaron ɗan Adam da zai iya kaiwa, sannan ka zauna kana danna maɓallan da yatsu kana fitar da kari. Ɗana a wannan lokacin waye yake rerawa? Babu kowa. In muryar wani ce ma, ƙila ya tafi gida ko yana barci. Kai ne kake kaɗawa da hannunka, kuma abin da kake kaɗawa kayan kiɗa ne, sai dai kawai da murya aka ƙera shi. Ai kalangu ma fatar akuya ce, akuya halal ce fatarta ma halal, amma tunda aka ɗaure ta a jikin itace ana bugawa babu mai cewa hukuncin akuya take ɗauka. Don haka duk wanda yake ganin fiyano haramun ne to wannan ma haramun ne a wajensa, babu wata ƙofa da aka buɗe masa. Wanda kuma yake bin masu halattawa, to dama shi bai buƙaci wannan zagaye-zagayen ba.

Kuma wallahi abin da ya fi damuna a cikin maganar nan ba kiɗan bane, rubutun da ake yi a kai ne. A saka waƙa a YouTube ko TikTok a rubuta "ba kiɗa", uwa ta ɗauka ta kunna wa 'ya'yanta, malamin Islamiyya ya saka a lasifika ranar sauka, mutumin da ya shekara yana kame kunnensa saboda Allah ya saki jiki ya saurara, alhali kai da ka haɗa ka san da yatsu aka buga. Wannan algus ne, kuma Muslim ya ruwaito Annabi (SAW) yace wanda ya yi algus baya tare da shi. Ko malamin da ya halatta kiɗa gaba ɗaya bazai halatta maka wannan ƙaryar ba. Sannan dabarar kauce wa hukunci ta hanyar canza wa abu kama, Annabi ya yi kakkausar magana a kanta, a Bukhari da Muslim ya ambaci Yahudawa da aka haramta musu kitse sai suka narkar da shi suka sayar suka ci kuɗin.

Shi kuma Auto-Tune, manhaja ce da kamfanin Antares ya fitar a Amurka a 1997, aikinta ta jawo muryar da ta kauce ta mayar da ita kan sautin da ya fi kusa. In ɗan gyara ne kaɗan a waƙar da dama halal ce, ban ga laifi ba, gyaran aiki ne. In aka matsa shi har murya ta koma tana karkarwa kamar ta inji irin na waƙoƙin fim, to ka koma ka auna da ma'aunin da na baka a sama.

A Alƙur'ani kam kar ka kuskura. An ce mu ƙawata Alƙur'ani da muryoyinmu, hadisin yana Abu Dawud da Nasa'i, muryoyinmu aka ce, wacce Allah ya ba kowa, ba wacce inji ya ara masa ba. Manhajar nan bata san madda ba bata san gunna ba, karin waƙa take bi, kuma Malikawa dama sun ƙi karatun da ake lanƙwasa shi kamar waƙa. Sannan alaramman da zai fita da muryar da ba tasa ba mutane suna ta masha Allah, ya ji tsoron hadisin mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba, wanda Annabi ya kwatanta da mai sanye da tufafin ƙarya biyu. Share ƙarar janareto da ta fanka da daidaita ƙarfin sauti, wannan yi abinka, hidima ce ga littafin Allah.

Abin da zaka yi daga yau, in mai waƙa yazo yace ba kiɗa, ka gaya masa gaskiya cewa akwai muryoyi zalla akwai kuma wanda ake bugawa a maɓalli, ka yi masa na farkon, kuma kar ka yarda a rubuta "ba kiɗa" a kan na biyun da sa hannunka. Kuɗin da ka karɓa a baya kana ganin halal ne, ba sai ka mayar ba, mas'ala ce ta saɓani kuma baka sani ba. Waƙoƙin da ke shafinka masu wancan rubutun dai ka shiga ka gyara shi.

Wallahu a'alam.