Amsa ga mai tambaya kan karatun kimiyyar sinadarai ta muhalli

Malama, kin tambaya ko wannan fanni yana da aikin yi bayan digiri. Yana da shi, matuƙar kin ƙware a awon sinadarai a ɗakin gwaji. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, za ki yi shekara huɗu a digirin kimiyyar sinadarai, kuma shawarata ita ce ki nemi horon sanin makamar aiki a NARICT, cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa da ke Basawa, Zariya, domin hannunki ya saba da na'urorin gano dalma da sauran ƙarafa masu guba a ruwa da ƙasa. Gubar dalmar da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 irin wannan awon ne ya tabbatar da ita. Hukumar NAFDAC da NESREA, wato hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, suna buƙatar masu wannan ilimi.