Yarjejeniyar ciniki kaɗai ba ta isa ba

Ka ce ka sayi mota ta hannu, takardun na ɗauke da sunan tsohon mai ita, kana tambaya ko yarjejeniyar cinikinku ta wadatar. Ba ta wadatar ba, Malam. Ka je ofishin lasisin motoci na jiharku da yarjejeniyar, da takardun motar na asali, da rantsuwar kotu, a yi maka canjin mallaka.

Amma tun kafin ka je, duba lambar shasi da ke jikin motar, haruffa da lambobi 17, ka gwada da ta takarda. Ni harafi ɗaya ya saɓa a tawa, dillalin kuma ya daina ɗaukar waya. Sai da na yi wata biyu ina cigiyar mai sunan.