Tambaya da Amsa: Rahoton da ke sabunta alƙalumansa da kansa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a matakin digiri na biyu, ina bincike kan nauyin jarirai a wasu ƙananan asibitocin cikin birni. Bayan na gama babi na huɗu, malamin da ke duba aikina ya gano an shigar da takardun tambaya 11 sau biyu. Da na cire su, duk alƙaluma suka canza. Kwana huɗu na yi ina kwafo lambobi daga manhajar lissafi ta SPSS zuwa Word, har yanzu hankalina bai kwanta ba. Wata ƙawata ta ce akwai hanyar da rahoto ke gyara kansa. Da gaske ne? Hauwa, daga Gwammaja.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama Hauwa. Sannu da ƙoƙari. Ƙawarki gaskiya ta faɗa miki, kuma rashin kwanciyar hankalin nan naki yana da dalili. Ni ma ya taɓa samuna. Ranar da nake kare kundina, wani dattijon farfesa ya buɗe shafi biyu, ya ce jadawali ya nuna kashi 41, bayanin da ke ƙasansa kuma ya ce 44, wanne zai ɗauka? Lissafina daidai yake, wajen kwafewa ne na bar tsohuwar lamba. Tun daga ranar ban ƙara kwafar lamba da hannu na saka a rahoto ba.

Ga yadda abin yake. Fayil ɗaya za ki buɗe, a ciki ki rubuta bayaninki kamar yadda kika saba, a tsakanin sakin layi kuma ki saka umarnin da kwamfuta za ta bi ta yi lissafi. Inda za ki rubuta cewa matsakaicin nauyin jariran kilo kaza ne, ba za ki buga lambar ba, ɗan gajeren umarni za ki sa a gurbinta. Idan kika danna maɓalli, manhajar ta karanta bayananki, ta yi lissafin, ta zana jadawali da zane-zane, ta cike kowane gurbi, ta fito miki da cikakken rahoto. Da a haka kika yi babinki, cire takardu 11 ɗin nan layi ɗaya ne, sai ki sake dannawa, kafin ki gama shan shayi an gama.

Tunanin ya daɗe. Donald Knuth na Jami'ar Stanford a Amurka ne ya shimfiɗa shi a wata maƙala a 1984, inda ya ce a riƙa rubuta umarnin kwamfuta a matsayin bayani ga ɗan Adam, ba ga na'ura kawai ba. A 2002 Friedrich Leisch ya fitar da Sweave don masu amfani da R, harshen kwamfuta na lissafin alƙaluma, a 2012 Yihui Xie ya kawo knitr, wanda R Markdown ya ginu a kansa, a 2022 kuma aka fitar da Quarto, duk manhajojin haɗa irin wannan rahoto ne. Masu amfani da harshen Python sun fi sabawa da manhajar Jupyter.

Kada ki ɗauka ɗalibai kaɗai ke faɗawa wannan rami. A 2010 wasu manyan masana tattalin arziki biyu a Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun wallafa bincike kan bashin ƙasashe wanda 'yan siyasa suka yi ta kafa hujja da shi. A 2013 wani ɗalibi, Thomas Herndon, ya karɓi fayil ɗinsu na Excel ya gano an tsallake ƙasashe biyar wajen haɗa matsakaici. Abin da ya fi damuna a labarin shi ne shekara uku kuskuren na kwance, don babu mai iya ganin hanyar da aka bi aka samu lambar. Rahoton da lissafinsa ke cikinsa, kowa na iya bin sawunsa.

Shawarata, ki sauke R da RStudio, manhajar da ake rubuta R a cikinta, kyauta ne, Quarto na zuwa tare da sababbin RStudio. Sau ɗaya za ki kashe data, daga nan suna aiki ko babu intanet. Wannan ya sa ban tura ki Google Colab ba, dandalin yin irin wannan aiki a intanet, wanda sai da sabis yake tafiya. Bayananki na SPSS ba za su ɓata ba, akwai ƙunshin haven da ke karanta su kai tsaye. Ki umarci Quarto ya fito miki da Word, tunda a nan malamanmu ke yin gyara. Kuma don Allah kada ki taɓa ainihin fayil ɗin bayanan. Duk abin da za a cire, a cire shi da umarni, ki rubuta dalili a gefe. Wata shida nan gaba idan aka tambaye ki ina takardu 11, amsar na nan a rubuce.

Idan da Hausa wasu iyayen jariran suka amsa miki, wataƙila za ki kawo maganganunsu. Idan PDF kike so, ki zaɓi manhajar haɗa PDF ta XeLaTeX da salon haruffa mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, irin su Charis SIL, in ba haka ba ko aikin ya tsaya ko haruffan su ɓace. Na ga rahoton da «ƙasa» ta koma «asa» daga farko har ƙarshe.

Akwai wahalarsa, ba zan ɓoye miki ba. Gyaran da malaminki zai yi a Word ba ya komawa fayil ɗinki da kansa, ke za ki mayar da shi layi-layi. Makon farko kuma za ki sha saƙon kuskure, waƙafi ɗaya ya ɓata sai komai ya tsaya. Sannan idan gwajin da kika zaɓa bai dace da bayananki ba, manhaja za ta maimaita miki kuskuren ne cikin tsafta.

Don haka ki duba lokacinki. Idan saura mako biyu ki kare kundi, kada ki sauya doki a tsakiyar ruwa. Ki buga babin a takarda, ki sa ƙawarki ta riƙa karanto lambobin SPSS kina bin su da biro ɗaya bayan ɗaya. Idan kuwa kina da wata biyu ko fiye, ki fara da jadawali guda, wanda ya fi ba ki wahala, ki gina shi a Quarto, ki gwada cire mutum ɗaya daga bayanan ki ga lambobin sun motsa. In kin maƙale, ki turo min saƙon kuskuren yadda ya fito, mu duba shi tare a fitowa ta gaba. Allah ya ba da sa'a.