Shin Kare Ya San Ya Yi Laifi Idan Ya Sunkuyar Da Kai?

Tambaya: Ina da karen gadi a gida. Duk ranar da na dawo daga kasuwa na tarar ya yaga buhu ko ya kashe kaza, sai ya sunkuyar da kai, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafunsa. Shin ya san laifinsa ne, kuma duka zai gyara shi?

Amsa: Malam, kare yana da basira, yana kuma jin tsoro da murna da kewar mai shi, amma wannan sunkuyar da kai da kake gani tsoro ne, ba nadama ba.

A shekarar 2009 wata masaniyar halayyar dabbobi a birnin New York, Alexandra Horowitz, ta gwada wannan da karnuka 14. Mai kare zai ajiye abinci, ya hana karensa ci, sannan ya fita daga ɗakin. Idan ya dawo, wani lokaci a gaya masa gaskiyar abin da ya faru, wani lokaci kuwa a ce masa karen ya ci alhali bai taɓa ba. Karnukan da aka yi wa faɗa sun ƙanƙantar da jiki ko sun ci ko ba su ci ba, hasali ma waɗanda ba su ci ba sun fi nuna alamar. Ashe fuskarka da muryarka da yadda ka turo ƙofa karen yake karantawa.

Wannan bai rage masa basira ba ko kaɗan. Wata karya mai suna Chaser a Amurka ta riƙe sunayen kayan wasa 1,022. A 2015 kuma masu bincike a Jami'ar Azabu ta Japan suka gano cewa idan kare da mai shi suka daɗe suna kallon juna, sinadarin oksitosin, wanda ke ƙulla shaƙuwar uwa da jaririnta, yana ƙaruwa a jikin dukansu biyu. Mafarautanmu da ke kiran karnukansu da fito ba za su yi mamakin wannan ba.

Inda ya gaza shi ne haɗa hukunci da abin da ya daɗe da wucewa. Kare yana danganta sakamako da abin da ya aikata cikin 'yan daƙiƙu kaɗan, saboda haka idan ya kashe kaza da hantsi ka zane shi da la'asar, abin da ya koya shi ne dawowarka gida abin tsoro ce. Wannan shi ya fi damuna, domin karen da aka cika da tsoro yana saurin cizo, kuma yara ne suka fi kusantarsa.

Ka ajiye sandar nan. Ka gyara akurkin kaji, ka ɗauke buhuna daga inda yake kwana, ka riƙa fita da shi yawo safe da yamma don ya rage ƙarfi. Idan ka ga ya zuba wa kaza ido, ka tsawata masa nan take da kalma guda wadda ba ka canzawa, in ya juyo gare ka kuma ka miƙa masa ɗan guntun nama.