Na sayi filasma amma hoton bai fito tar ba: sai na canja dish ɗin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Gusau. Shekara 12 ke nan da kafa dish a gidana, mai faɗin santimita 90, kuma risibar da aka haɗa mini tun wancan lokacin ita nake amfani da ita har yau. Watan jiya na rabu da tsohon talabijin ɗina mai doro na sayi filasma inci 43, an rubuta Full HD a kwalinta. Abin mamaki, hoton ya fi na da muni: fuskoki dishi-dishi, rubutun da ke wucewa a ƙasan allo kamar an shafa masa ruwa. Akwai kuma tashoshin da maƙwabcina yake kamawa, ni sai murya ba hoto, wasu ko sunansu ba ya fitowa. Na je shago, aka ce sai na canja dish da LNB (na'urar nan da ke maƙale a gaban dish) da waya da risiba, duka in sayi na HD, wato masu fito da hoto tar. Gaskiya ne? Me zan saya, me zan bari?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka taɓa dish ɗin nan tukuna. A cikin abubuwa huɗun da aka lissafa maka, ɗaya ne kawai na tabbata sai ka saya, wato risiba, sai wata 'yar waya ta tsakanin risiba da talabijin da ba su ma ambata ba. Sauran sai an duba an ga sun lalace kafin ka fitar da sisi a kansu.

Filasmar da ka saya lafiyarta ƙalau. Hoton talabijin ƙananan ɗige-ɗige ne aka jera. Tsohon tsarin da muke kallo a Najeriya da Nijar, wanda ake kira SD, ɗigo 720 ne a kwance, layi 576 a tsaye, jimilla bai kai ɗigo 415,000 ba. Allon Full HD kuwa ɗigo 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye, wato sama da ɗigo miliyan 2, ninki biyar ke nan. Tsohuwar risibarka tana ba shi kashi ɗaya cikin biyar na abin da zai iya ɗauka, shi kuma dole ya cika allon, sai ya ja hoton ya baza shi. Ka tuna ƙaramin hoton fasfo idan aka ce a buga shi a babbar takardar kalanda. Tsohon talabijin yana rufa wa hoton asiri, domin allonsa ƙarami ne kuma gilashinsa yana laushe gefen komai. Sabon ba ya ɓoye aibi.

Ka leƙa bayan filasmar. Na yi imani wayar nan mai kai uku ce ke sarƙafe, rawaya da ja da fara. Rawayar ce kaɗai ke ɗaukar hoto, kuma ba ta iya wuce layi 576 ko da wace irin risiba ka jona mata. Na sha shiga gidajen da aka riga aka sayi risibar HD mai tsada, amma aka bar ta a kan wannan waya shekara da shekaru, masu gida suna kallon SD suna tsammanin iyakar HD ɗin ke nan. Wayar da ake buƙata ita ce HDMI, mai kai ɗaya, tana ɗaukar hoto da murya a tare. Mita ɗaya da rabi ta ishe ka. Mai matsakaicin kuɗi da mai tsadar da ake cewa an shafa mata zinariya hoto ɗaya suke bayarwa a wannan tsawon, sai dai ka guji marar auki wadda kanta ke girgiza a cikin rami.

Sai risiba, kuma nan ne bayanin tashoshin maƙwabcinka yake. Abu biyu suka canja a shekarun nan. Na farko shi ne yadda tauraron ɗan'adam ke turo sigina. Tsohon tsari sunansa DVB-S, na shekarun 1990 ne. A 2005 aka fito da DVB-S2, wanda ke ɗaukar kaya fiye da na da da kusan kashi 30 cikin 100 a wuri guda. Na biyu shi ne yadda ake matse hoto kafin a turo shi: da MPEG-2 ne, sai MPEG-4 da ake kira H.264 ya zo a 2003, sai H.265 a 2013. Kusan duk tashar HD a yau tana kan DVB-S2 ne da H.264 ko H.265, kuma tashoshin SD da yawa ma sun koma can saboda ya fi musu arha. Idan tashar tana kan tsohon tsarin turowa amma da sabon tsarin matsewa, risibarka za ta ga sunanta, ta ba ka murya, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Idan kuma tana kan DVB-S2, ko a sikanin, wato laluben tashoshi, ba za ta gan ta ba, kamar babu ita a sama. Ka ga alamomin da ka faɗa guda biyu sun fito daidai. Wannan ba abin da ake gyarawa da sabuwar manhaja ba ne, ƙwaƙwalwar da ke cikin akwatin ce ba ta san yaren ba.

Idan ka je saye, kalmar HD da aka rubuta ɓaro-ɓaro a gaban kwali kada ta ishe ka. Juya bayan kwalin ka nemi DVB-S2, ka nemi H.265 ko HEVC, sunan abu ɗaya ne. Akwai masu H.264 kawai da suka fi arha, kuma yawancin tashoshin yau za su buɗe a kansu, amma ni ba na ba mutum shawarar ya saye su yanzu. Wanda ya riƙe risiba shekara 12 mutum ne mai riƙon kaya, bai kamata bayan shekara biyu ya dawo da kukan murya ba hoto ba. Ka kuma kula da harafi ɗaya da ke jefa mutane a asara: T2 daban, S2 daban. T2 na eriya ne, irin tsarin da GOtv ke aiki da shi, ba ya jin siginar dish ko kaɗan. Akwai akwatunan da suka haɗa biyun, waɗannan babu laifi. Kafin ka biya, ka sa mai shago ya jona ta a dish ɗin shagonsa ta HDMI, ya buɗe maka tashar HD guda, ka gani da idonka.

To, dish fa? Babu wani abu wai shi dish na HD. Dish kwano ne na ƙarfe, aikinsa ya tattaro siginar da ke saukowa daga nisan kusan kilomita 35,786 ya haɗa ta wuri ɗaya a bakin LNB. Bai san ko labarai yake tattarowa ko ƙwallo ba, balle ya san yawan ɗigon hoto. LNB shi ma haka. Irin wanda ke kan ƙananan dish ɗinmu yana karɓar sigina tsakanin gigahaz 10.7 da 12.75, ya sauko da ita zuwa megahaz 950 zuwa 2150 don ta iya bin waya zuwa ɗaki. Iyakar aikinsa ke nan, kuma haka yake yi wa SD da HD ba bambanci. Rubutun HD ko 4K da kake gani a kwalin LNB na jan hankalin mai saye ne. Idan naka bai fashe ba, ruwa bai shiga ba, farar hular bakinsa ba ta tsage da rana ba, bar shi a inda yake.

Amma akwai 'yar gaskiya a maganar mai shagon, kuma nan nake so ka tsaya da kyau. Tashoshin HD da yawa suna amfani da wata hanyar cusa bayanai da ake kira 8PSK, wadda ke buƙatar sigina mai tsabta fiye da tsohuwar hanyar QPSK. Dish ɗin da iskar damina ta ɗan karkatar, ko wanda ƙafarsa ta saki, zai iya ci gaba da ba ka tsofaffin tashoshi lafiya lau, amma ka sa HD ka ga hoton yana daskarewa, yana farfashewa gida-gida, murya tana ƙyat-ƙyat. A allon saitin risiba akwai sanduna biyu. Wadda aka rubuta Strength kusan tana shaida maka ne cewa LNB yana samun wuta kuma waya ba ta katse ba, za ta iya cika ko da dish ɗin na kallon bango. Wadda aka rubuta Quality ita ce abin dubawa. Kowane kamfani da irin ma'auninsa, saboda haka ba zan ba ka lamba ɗaya ba. Abin da za ka nema shi ne rata: a ranar da gari ya yi wasai, sandar ta wuce inda hoto ke fara tsayawa da tazara mai kyau, domin hadarin Agusta yana cin siginar ƙananan dish, kuma ratar nan ce za ta riƙe ka.

Don haka ka kira mai saitin dish wanda ke da mitar auna sigina, ya sake daidaita shi a kan firikwensin wata tashar HD mai rauni, ba a kan mai ƙarfin da kowa ke samu ba. Ka tsaya a kansa ya murɗa LNB ɗin a cikin maƙalarsa a hankali, hagu da dama, yana kallon mita. Mu da muke kusa da layin da ya raba duniya kudu da arewa, wannan murɗawar tana da girma sosai idan tauraron yana gabas ko yamma da mu, kuma masu gaggawa sukan tsallake ta. Sau da yawa a nan kaɗai ake samo abin da ya ɓace.

Girman dish kuwa ya danganta da tauraron da kake kallo, ba ka faɗa mini wanne ba ne. Nilesat yana digiri 7 yamma, Arabsat yana digiri 26 gabas, kuma an fi auna haskensu kan ƙasashen Larabawa da arewacin Afirka, mu muna gefe. Shi ya sa wasu firikwensi ke shiga a santimita 90, wasu sai babban dish. Idan an gama saiti da kyau kuma tashoshin da kake so har yanzu suna kan gaɓa, to a lokacin ne maganar ƙara girman dish ta taso. Ka fara tambayar maƙwabcin nan naka girman nasa da inda ya fuskanta. Amsarsa ta fi duk wani lissafi da zan yi maka daga nan.

Wayar da ta sauko daga dish ita ce na fi zargi bayan shekara 12 a rana da ruwa. Akwai gidan da aka kira ni bara, maigidan ya riga ya yanke shawarar sayen sabon dish. Na hau na kwance kan wayar daga LNB, sai ga tagullar ciki ta yi kore shar, zaren da ke kewaye da ita ya zama gari yana zuba a tafin hannuna. Ruwa ne ya bi ta kan ya sauka ciki. Na yanke kamar kamu biyu har na iske tagulla mai sheƙi, na ɗaura sabon kai, na naɗe shi da tef, tashoshin suka dawo a take. Ka sa a duba taka haka. Idan bawon ya tsattsage, ko an yi mata ɗauri a tsakiya da leda, a canja ta gaba ɗaya da irin wayar da ake kira RG6 mai kauri, guda ɗaya daga sama har ƙasa ba haɗi. Kuma a cire risiba daga wuta kafin a taɓa wayar, domin tana tura bolt 13 ko 18 zuwa LNB, idan tsakiya ta taɓa gefe za ta iya ƙona sashen da ke karɓar sigina.

Bayan an haɗa, saura saiti biyu da ake yawan mantawa. A cikin risiba ka sa fitar hoto a 1080, mai 50 ba mai 60 ba, wato yawan sauyawar hoto a daƙiƙa ɗaya, saboda tashoshin yankinmu da na ƙasashen Larabawa a kan 50 suke, idan ka saɓa sai ka ga motsi yana ɗan tsalle musamman a ƙwallo. Siffar allo kuma ka sa 16:9, wato ta allo mai faɗi irin naka. Sannan a yi sikanin na gaba ɗaya, wanda risiba ke lalubo firikwensi da kanta, don jerin da ya zo a cikinta yakan tsufa tun tana shago.

Abu ɗaya nake so ka sani tun yanzu don kada ranka ya ɓaci. Risibar HD ba ta mayar da tashar SD ta zama HD. Tashar HD guda tana cin wurin na SD biyu ko uku a kan tauraro, wurin nan kuma haya ake biya, shi ya sa ƙananan tashoshi da yawa, har da wasu da muka fi kallo a gidajenmu, suke nan a SD. Za su ɗan fi kyau ta HDMI, amma ba za su kai waɗanda aka turo a HD tun daga tushe ba. Idan ka danna maɓallin bayani a rimot, risiba da yawa suna nuna maka ko 576 ne ko 1080. Ranar da ka buɗe tashar da ke nuna Harami kai tsaye a 1080, ka ga zanen zinaren rigar Ka'aba harafi-harafi, za ka san kuɗinka bai tafi a banza ba.

Duk wannan bayani na tashoshin kyauta ne. Idan na biya kake so, kowane kamfani da dikodarsa da tauraronsa: DStv a yankinmu yana digiri 36 gabas, Canal+ da 'yan'uwanmu na Nijar suka fi sani yana digiri 22 yamma, kuma risibar kasuwa ba ta buɗe su ta halastacciyar hanya. A nan za a juya dish ne, ko a kafa na biyu. Idan ka kafa biyu na kyauta, ƙaramin akwatin DiSEqC yana haɗa LNB har huɗu a waya ɗaya zuwa risiba guda.

Ka sa filasmar da risibar a kan abin kariya daga hawan wuta, kuma idan hadari ya taso da tsawa ka zare su daga soket, ka kwance wayar dish. Ramin HDMI ba ya jure bugun wuta kamar tsohuwar waya mai kai uku, kuma gyaransa a filasma yakan kai ga canja ƙwaƙwalwarta gaba ɗaya. Kujerar kuma ka matso da ita. A allo mai inci 43, idan ka wuce mita 3 ido ba ya cika rarrabe 1080 da abin da bai kai shi ba, mita 2 ko ƙasa da haka kaɗan ya fi.